Filin wasanni: Labarin Tijjani Babangida

Jama'a, a Tanut da Balbeji da ƙauyukan Damargu, yara suna buga tamaula kowane marece. Wasu ma har suna cewa balo ce za ta zama sana'arsu. To, ga labarin wani da ya ci abinci da ita, don iyaye da yara su yi nazari.

An haifi Tijjani Babangida a Kaduna, cikin Najeriya, a shekarar 1973. Gajere ne, amma gudu gare shi kamar barewa. Ya yi wasa a kilob ɗin Niger Tornadoes na garin Minna. A 1991 aka ɗauke shi zuwa ƙasar Holand, a Turai, kilob ɗin Roda. A 1996 ya koma Ajax, babban kilob na birnin Amsterdam.

A wannan shekara ta 1996, yana cikin ƴan wasan Najeriya da suka je Amurka wasannin Olamfik. Suka ka da Barazil 4 da 3, suka ka da Ajantina 3 da 2, suka ɗauko lambar zinariya. A shekarar 2000, a Legas, shi ya jefa ƙwallo biyun da suka fitar da Afirka ta Kudu daga gasar kofin Afirka.

Daga nan sai kasuwa ta fara watsewa. Ajax ta yi ta ba da aronsa, ya je Turkiyya, ya je Saudiyya. Daga ƙarshe ya tafi ƙasar Sin. A 2004 ya rataye takalmi, yana da shekara 31 kacal.

Ku duba da kyau. Manomi mai shekara 31 yanzu ƙarfinsa ya kawo. Makiyayi mai shekara 31 yanzu garkensa ya fara cika. Amma ɗan balo a lokacin ya tsufa. Daminarsa shekara goma sha ce, raninsa kuwa duk sauran rayuwa.

Tijjani bai naɗe hannu ba. Ya zama dillalin ƴan wasa, mai nema wa matasa kilob. Daga baya ya shugabanci ƙungiyar ƴan ƙwallon Najeriya, wadda ke nema musu hakkinsu, da taimakon tsofaffin da ciwo ko talauci ya kama. Aikinta kamar na bankin cimaka ne a ƙauye: a tara da kaka, a ci da bazara.

A watan Mayu na 2024 jarrabawa ta same shi. Suka yi haɗarin mota a hanyar Kaduna zuwa Zariya. Ƙanensa Ibrahim, wanda ya ci kofin duniya na matasa a 1993, ya rasu. Ƙaramin ɗansa ma ya rasu. Shi kansa ya kwanta asibiti. Allah ya jiƙan su, ya ba shi haƙuri.

Saboda haka, iyaye, kada ku hana yaro tamaula, tana gina jiki. Amma kada ya bar lakwal, ko gona, ko kiwo saboda ita. Ɗan wasa yana sa hannu a takardar kwangila. In bai iya karatu da lissafi ba, wani ne zai karanta masa, wani ne kuma zai ƙirga masa kuɗinsa.