Koyon rubuta manhaja kaɗai ba zai wadatar da matasan Zangon Kumasi ba

A watan Afrilun 2025 shugaban Ghana John Dramani Mahama ya ƙaddamar da shirin koya wa mutum miliyan ɗaya aikin kwamfuta da rubuta manhaja. Ga matasan Aboabo da Asawase da Sabon Zango a Kumasi wannan dama ce babba. Sai dai kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikata suna duba wani abu bayan takardar shaida: shin mutum ya iya aiki cikin tawaga bisa tsarin da ake kira ajayil?

Tsarin ya samu sunansa a watan Fabrairun 2001, lokacin da masana manhaja 17 suka taru a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka. Sun gaji da tsohuwar hanya, inda ake shafe watanni ana tsara aiki a takarda, a ƙarshe a miƙa wa mai aiki abin da bai dace da buƙatarsa ba. Shawararsu ita ce a datsa aiki gunduwa-gunduwa, a riƙa nuna wa mai shi abin da aka gama, a gyara tun da wuri.

Salon da ya fi yaɗuwa shi ne Sikiram, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995. Tawaga ba ta cika wuce mutum goma ba. Ana raba aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba. Kullum akan yi ganawar minti 15 don a san inda aka kwana da abin da ya tare hanya. Idan zango ya ƙare, mai aiki zai ga abin da aka yi, sannan tawagar ta zauna ta tattauna inda ta yi kuskure.

Tushen tunanin daga masana'anta ya fito. A 1986 wasu malamai biyu 'yan Japan, Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka, suka nazarci yadda kamfanoni irin su Honda da Canon ke ƙera sabbin kaya cikin sauri. Allon kanban, wanda ke nuna aikin da ke jira da wanda ake kai da wanda aka kammala, daga Toyota aka aro shi.

A nan Kumasi ke da abin tinƙaho. A Suame Magazine, matattarar makanikai da masu walda da maƙera, an daɗe ana ƙera injin niƙa a gwada shi gaban mai shi, a sake gyarawa. Tun 1980 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah ta buɗe sashen musayar fasaha a can, sannan cibiyar Kumasi Hive na taimaka wa matasa masu ƙirƙirar na'urori. Abin da tsarin ajayil zai ƙara wa wannan gado shi ne rubuta aiki a fili da tsayar da lokacin dubawa.

Amma akwai ƙalubale biyu. Na farko, gyaran manhaja lokaci kawai yake ci, shi kuwa ƙarfen da aka yanka ba daidai ba asara ce, kuma kayan lantarki da yawa sai an jira su daga waje. Don haka masu ƙera na'ura sukan fara da samfurin gwaji mai arha kafin su taɓa kayan tsada.

Na biyu ya fi wuya. Tsarin na buƙatar ƙaramin ma'aikaci ya faɗi matsala a gaban kowa, alhali yaron shago ya taso ne da sanin cewa ba a gyara wa maigida magana. Ganawar da kowa ke cewa "lafiya lau" ɓata lokaci ce. Dole babba ya fara bayyana nasa kuskuren kafin yara su buɗe baki.

Wannan darasi ya shafi Zindar da Lome da Abijan kamar yadda ya shafi Kumasi, domin a aikin da ake yi ta intanet, abokan aiki na iya kasancewa a ƙasashe uku. Idan masu horarwa suka haɗa ɗalibai biyar-biyar, suka ba su aikin gaske, misali manhajar lissafin bashi ga 'yan kasuwar Kejetia, tare da dubawa duk bayan mako biyu, za su fita da abin nunawa. In ba haka ba, za a yaye masu takarda da yawa, aikin kuma ya tafi wani wuri.