Sanin Tsiro ba Sai ya yi Fure ba

Okid suna ne na wani babban dangi na tsirrai masu fure, wanda masana suka ƙiyasta nau'o'insa sun kai kimanin 28,000 a faɗin duniya. Daga cikinsu ne ake samun banila, wadda ake ƙamsasa kek da alewa da ita. Galibin mutane ba sa waiwayar waɗannan tsirrai sai sun yi fure, domin furen ne abin sha'awa. Sai dai wanda bai san tsiro ba sai da furensa, saninsa ragagge ne, kuma irin wannan ragaggen sani yana cikin abubuwan da ke jawo salwantar tsirran daji.

A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa, hunturu lokaci ne na matsanancin sanyi da ƙanƙara, inda yawancin bishiyoyi ke kakkaɓe ganyensu. Wanda bai lura ba sai ya ɗauka daji ya mutu. Alhali kuwa a daidai wannan lokaci ne hasken rana ke samun hanyar isa ƙasa, tun da babu ganyen da zai tare shi. Wasu nau'o'in okid sun dace da wannan yanayi: sukan fitar da ganye da kaka, su tara abinci cikin hunturu, su adana shi a kawunansu da ke binne, sannan su yi fure daga baya.

Alal misali, a dazuzzukan gabashin Amurka akwai wanda masana ke kira Tipularia discolor. Ganye ɗaya tal yake fitarwa, samansa kore, ƙasansa shunayya, don haka juya ganyen kawai ya isa a gane shi. Ganyen yakan bushe kafin furen ya fito a tsakiyar lokacin zafi, wato ba a haɗa ganin ganye da fure a lokaci guda. Haka kuma akwai Aplectrum hyemale, mai ganye ɗaya mai faɗi da fararen layuka a tsaye, wanda a da ake liƙe fasassun tukwane da yauƙin da ke cikin kansa. Na uku shi ne Goodyera pubescens, wanda ganyensa ke kwanciya a da'ira a bisa ƙasa, da fararen jijiyoyi kamar saƙar raga. Ban da ganye, busasshen karan bara da kwanson iri da ke jikinsa su ma shaida ce ga mai lura.

Amfanin wannan sani a fili yake. A Ingila akwai okid mai suna Ophrys apifera, wanda furensa ya yi kama da kudan zuma. Ganyensa yakan fito tun kaka a filayen ciyawa da gefen hanyoyi, amma fure sai wajen watan Yuni. Idan ba a gane shi cikin hunturu an kafa masa alama ba, injin yankan ciyawa kan datse karan kafin ya zubar da iri. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Bugu da ƙari, irin okid ƙanana ne kamar ƙura, ba su da abincin da za su tsira da shi sai da taimakon wani nau'in naman gwari da ke cikin ƙasa, kuma sukan ɗauki shekaru kafin su yi furen fari. Saboda haka ɓarnar yini ɗaya tana iya shafe aikin shekaru.

Akwai masu ganin cewa koya wa jama'a gane waɗannan tsirrai tamkar nuna wa ɓarawo hanya ne. Wannan tsoro yana da tushe. Masu tonon tsirrai don ƙawata lambuna sun ƙarar da Cypripedium calceolus a Ingila, har aka ayyana ɓacewarsa a 1917, kafin a gano tushe guda da ya rage a yankin Yokshaya a 1930, wanda aka shafe shekaru ana gadinsa. To amma maganin wannan shi ne a ɓoye wurin da tsiro mai wuyar samu yake, ba a hana mutane ilmin gane shi ba. Wanda ya san cewa okid ɗin da aka tumɓuke daga daji da wuya ya rayu a tukunya, shi ne zai fi barin sa inda ya gan shi.

Wasu kuma sukan ce ganye yana ruɗarwa, domin nau'o'i da dama sun yi kama da juna. Gaskiya ne. Abin da ya dace shi ne mai nazari ya rubuta siffar ganyen da wurin da ya gan shi, sannan ya koma lokacin fure ya tabbatar, ba tare da ya tsinka ko ya tona ba.

Wannan darasi bai tsaya ga ƙasashen sanyi kaɗai ba. A dazuzzukan Afirka ta Yamma akwai okid na dangin Eulophia, waɗanda wasunsu ke kwana a ƙarƙashin ƙasa duk tsawon rani, su fitar da fure kafin ganye yayin da damina ta gabato. Ya kamata malaman makarantu su riƙa fita da ɗalibai daji a kowane yanayi na shekara, domin su san tsiro da ganyensa da karansa da irinsa, kamar yadda manomi ke bambance gero da dawa tun suna tsiro.