Kukan kurciya jawabi ne

A ƙasashe da dama akwai wani irin aikin hannu da masu fasaha suke yi a bainar jama'a. Sukan tattara ƙarafa, katako da tarkace, su harhaɗa su, su kafa a dandali domin mai wucewa ya tsaya ya yi tunani. Abin da ya faru a Bairut, babban birnin ƙasar Labanan, ya isa ya nuna cewa wannan aiki magana ce da ya kamata hukuma ta saurara.

Ranar 17 ga watan oktoba 2019 jama'ar Labanan suka fito zanga-zanga, bayan gwamnati ta yi niyyar aza haraji bisa kiran WhatsApp. Ranar 29 ga wannan wata firaminista Saad Hariri ya yi murabus. Cikin Dandalin Shahidai aka kafa wani ƙaton hoton hannu a dunƙule, ɗauke da kalmar larabci mai ma'anar juyin juya hali. Ranar 22 ga watan nuwamba, ranar bukin samun ƴancin ƙasar, wasu suka cinna masa wuta da safe. Kafin gari ya sake wayewa an kafa sabo.

Haka kuma, da aka farfasa rumfunan masu zanga-zanga, wata mai fasaha, Hayat Nazer, ta tsince ɓaraguzan, ta ƙera tsuntsun tatsuniya wanda ake cewa yana tashi daga tokarsa.

Ranar 4 ga watan agusta 2020, sinadarin takin zamani mai fashewa, kimanin ton 2750, da aka yi shekaru ana ajiye da shi a tashar jiragen ruwa ta Bairut, ya tashi. Mutane fiye da 200 suka rasu. Bayan kwana 6 gwamnatin Hassan Diab ta sauka, ƙasar ta yi wata 13 kafin a kafa wata. Nazer ta ɗebo gilasai da ƙarafan gidajen da suka rushe, ta haɗa siffar wata mata, da agogo a ƙasanta wanda ya tsaya a ƙarfe 6 da minti 8, lokacin fashewar.

Mutanen da suke zuwa kallon waɗannan abubuwa a wancan lokaci sun gaji ne da gwamnatoci masu hawa da sauka, alhali kuɗin ƙasa yana faɗuwa, ajiyarsu kuma ta maƙale a banki. Wanda ya ƙone hoto bai ƙone ɓacin ran da ya haife shi ba.

Amma aikin fasaha ma yana da iyakarsa. A 2021 Nadim Karam ya kafa wani mutum-mutumi mai tsawon mita 25 cikin tashar, da ƙarafan da fashewar ta bari. Mutane da yawa suka soki aikin, domin a lokacin ba a yanke wa kowa hukunci ba. Suna da gaskiya: abin tunawa ba ya maye gurbin shari'a.

Saboda haka ma'aikacin hukuma, ko'ina yake, in ya ga talakawa suna magana da tarkace, ya san cewa ƙofar kai kuka ce ta toshe. Abin da ya wajaba gare shi shi ne ya buɗe ta, ya amsa da aiki da adalci. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.