Gashin zomo: a aske, kada a fige

Akwai wani zomo mai dogon gashi, mai laushi kamar audugar rimi, ana ce masa angora. Sunan ya fito daga Ankara, babban birnin Turkiyya. Da gashinsa ake saƙa rigunan sanyi masu tsada. Ƙasar Sin ce ta fi kowa kiwonsa.

A shekarar 2013, ƙungiyar kare dabbobi ta PETA ta nuna hotunan wasu gidajen kiwo na Sin. An ɗaure zomo a kan katako, ana figar sa da ransa, yana ihu. Bayan wata uku, in gashi ya tofo, a sake. Dalili kuwa, figaggen gashi ya fi tsawo, ya fi kuɗi. A ganinmu wannan zalunci ne. Ko kaza sai an yanka ake figewa.

Barin gashin ma cuta ne. Zomo yana haɗiye shi wajen lasar jiki, ciki ya toshe, don zomo ba ya amai. Cirewa dole ce, amma almakashi da matsefi sun isa.

Da masu saye suka ga hotunan, suka tayar da murya, manyan kamfanonin tufafi irin su H&M suka daina sayen angora.