Sassabin Zamani: Darasin Maraɗi Ga Masu Dashen Itatuwa

Duk shekara, da zarar damina ta kankama, akan shirya bikin dashen itatuwa a jihohin Arewacin Najeriya. Manyan baƙi su sunkuya su sa tsiro a rami, a zuba ruwa, a ɗauki hoto, a sanar da adadin da aka raba. Abin da ba a cika sanarwa ba shi ne nawa ne suka ga damina ta biyu. Tsiron da ba a killace ba awaki ne ke kalaci da shi, wanda ya tsira daga awaki kuwa zafin bazara ya ƙarasa shi. A ganina dalilin wannan asara guda ne: itace yana rayuwa ne idan akwai mutum takamaimai da ke ganin nasa ne, yake kuma sa ran cin moriyarsa.

Hujjar tana maƙwabta, a jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar. Tun zamanin mulkin Faransa dokar gandun daji ta mayar da itatuwa mallakar hukuma, har wanda ke tsakiyar gonar mutum. Manomi na iya shan tara don ya sare reshe. Itace ya zama abin jawo fitina, saboda haka kowa ya riƙa share gonarsa fes kafin shuka. Da farin shekarun 1970 da na 1980 ya zo, sai ya tarar da ƙasa tsirara, iska na binne shuka da rairayi.

A 1983 wani masanin noma ɗan Ostireliya da ke aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tohon da ake sassabewa kowace shekara daga kututturen itatuwan da aka sare suke fitowa, kuma saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da ta biyo baya, wadda manoma suka raɗa wa suna sassabin zamani, ba ta buƙatar komai sai wuƙa ko gatari. Manomi ya zaɓi toho mafi ƙarfi, ɗaya ko kaɗan a kowane kututture, ya sare sauran, ya rage wa zaɓaɓɓun rassan ƙasa. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, ba a ban-ruwa. Haka kalgo da sabara da magarya da gawo suka dawo gonaki.

Gawo ne ya fi fito da ribar a fili. Yana zubar da ganye da damina, don haka inuwarsa ba ta danne gero, ganyen kuma ya zama taki. Da rani yake yin kore, ’ya’yansa su ciyar da dabbobi a lokacin da ciyawa ta ƙare. Mata suka sami makamashi kusa da gida. Sannu a hankali hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, daga nan aikin ya bazu daga gona zuwa gona. Nazarin hotunan tauraron ɗan’adam ya ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200.

A gwada wannan da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 nan da 2030. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa abin da aka cim ma a yankin shirin bai wuce hekta miliyan 4 ba. Ke nan talakawan manoma da gatarinsu sun zarce abin da taron ƙasashe ya iya a lokacin.

Wannan ƙa’ida ce ke aiki a kan bola ma. Da wuya ka ga ƙarfe ko dalma ko gwangwani ya kwana a juji a Kano, domin ’yan gwangwan sun san ana awonsu a biya. Ledar ruwa da ba ta da wani farashin kirki ita ce ke toshe magudanai har ambaliya ta shiga gidaje. Wa’azin tsafta bai kwashe ƙarfe ba, ciniki ne ya kwashe shi. Ranar da leda ta sami mai saye tsayayye, za ta ragu a lambatu.

Ba a ce a daina dashe ba. A cikin gari, da inda saiwoyi suka mutu, dole ne a dasa, kuma darbejiyar da ke inuwantar da titunanmu da hannu aka dasa ta. Akwai kuma matsalar masu saran dare da saɓani da makiyaya, wadda wasu ƙauyukan Maraɗi suka tunkara ta hanyar kwamitocin tsaro da suka haɗa manoma da mata da makiyaya. Da ɗan gari akan ci gari.

Saboda haka abin da ya kamata hukumomi su sauya shi ne ma’auni. Kowane tsiro a damƙa shi ga gida ko makaranta ko masallaci da sunan mai kula da shi. A ware kuɗin shinge da ban-ruwa kafin kuɗin rumfar biki. A tabbatar wa manomi a rubuce cewa itacen gonarsa nasa ne. Sannan a yi ƙidaya bayan shekara uku, a bayyana wa jama’a sakamakon. Malamai na tunatar da mu cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga dashen bawa sadaka ce a gare shi. Itacen da ya bushe a watan Maris kuwa babu mai ci daga gare shi.