Talla ga kowa, ciniki ga wasu

Ranar 16 ga Janairun 2025 kamfanin Nintendo ya saki bidiyo na minti biyu da 'yan daƙiƙai yana nuna sabuwar na'urar wasansa, Switch 2. Babu farashi, babu ranar fitowa. Sai 2 ga Afrilu aka yi shirin baje koli na kusan awa guda, kuma ko a cikinsa ba a ambaci kuɗin ba. Bayan an tashi ne sanarwa ta fito cewa dala 449.99 ne, wasan Mario Kart World kuma dala 79.99. Da ta shiga kasuwa ranar 5 ga Yuni, an sayar da sama da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu.

Masana talla suna yaba wannan tsari, na ɗanɗana wa mutum zuma a baki kafin a gaya masa kuɗinta. Bai cancanci yabon ba. Hikimarsa ita ce jinkirta duk tambayar da za ta iya sanyaya sha'awa, har sai sha'awar ta fi ƙarfin lissafi.

A Kazaure lissafin ba shi da wuya. A canjin lokacin, dala 450 ta kai wajen naira dubu 700, wato mafi ƙarancin albashin ƙasa na naira dubu 70 har wata goma. Amma tsada tsohon labari ne, kuma an daɗe da samun maganinta. Matashin Kazaure ko Roni ba ya sayen na'ura, lokaci yake saye. Mai gidan gem ya je Kano ya ɗauko PlayStation ta hannu wadda wani a Turai ya gaji da ita, ya haɗa ta da talabijin da janareta, yara da ɗaliban kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu su riƙa biya suna buga ƙwallo wasa-wasa. Sana'ar ta tsayu ne a kan sharaɗi guda: na'ura da faifai dukiya ce da ake iya sayarwa, a ara, a gada, kuma ta yi aiki ko babu intanet.

Wannan sharaɗin ne kamfanonin suke kwancewa, kuma shi ne abin da ba ya fitowa a bidiyon talla.

Sun taɓa gwada faɗin gaskiya, ba su ji daɗi ba. A 2013 Microsoft ya bayyana cewa Xbox One za ta buƙaci shiga intanet sau ɗaya duk awa 24, kuma za a taƙaita sayar da tsohon faifai. Da aka yi ƙorafi, shugaban sashen, Don Mattrick, ya ce wanda ba shi da intanet ga tsohuwar Xbox 360 nan. Sony ya yi musu ba'a da ɗan bidiyon da ke nuna yadda ake ara wa aboki wasa a PS4: a miƙa masa faifai hannu da hannu, shi ke nan. Cikin 'yan kwanaki Microsoft ya janye. Darasin da masana'antar ta ɗauka ba wai a bar manufar ba ne. A daina sanar da ita kawai.

Shi wannan Sony mai ba'a, a Satumban 2024 ya gabatar da PS5 Pro a kan dala 699.99 ba tare da wurin sa faifai ba. Mai so ya saya daban. Nintendo kuma ya kawo katin da ba wasa a cikinsa, mabuɗi ne kawai. A sa shi a na'ura, sannan a sauke wasan daga intanet. Gaskiya ne ana iya sake sayar da katin, amma wanda ya saye shi a Babura ko Gwiwa sai ya zuba datar gigabait masu yawa, ya yi fatan wuta ba za ta ɗauke ba, kuma amfanin katin ya rataya a kan ranar da kamfanin zai ga damar rufe rumbunsa.

Masu kare kamfanonin za su ce ai ba don Nijeriya aka yi na'urar ba. Hakan ne, kuma nan ne rainin yake. Bidiyon talla yana isa wayar kowane matashi a Jigawa a daƙiƙar da ya isa Tokyo, amma Nijeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake buɗe asusun PlayStation Network. Dole mai na'ura ya ce shi mazaunin Ingila ne ko Amurka, ya sayi katin kuɗi na fam ko dala, yana sane cewa ya saɓa ƙa'idar da ya amince da ita. A Mayun 2024, da Sony ya wajabta wannan asusu ga masu buga Helldivers 2 a kwamfuta, an cire wasan daga kasuwar Steam a ƙasashe da yankuna sama da 170.

Na'urar da aka ƙaddamar yau takan ɗauki shekaru kafin ta yi arhar da za ta shigo gidan gem na Kazaure. PS2 ta zo haka, PS3 da PS4 ma haka, kowacce da tarin faifanta a jaka. Wadda ke tafe za ta iso ba wurin faifai, wasanninta kuma suna cikin asusun wani mutum a Manchester.