Wasiƙa Ga Masu Riƙe Makullan Masauki a Anka, Gummi da Bukkuyum

Ƙannena da 'ya'yana,

Yabonku zan fara, domin kun cancanta. Kun bar ƙofofinku a buɗe a shekarun da bin hanyar Anka zuwa Gummi ya zama sai da addu'a. Tun 2010, da gubar dalma ta hallaka yara a Sunke, Dareta, 'Yargalma da Bagega, har likitocin MSF suka shigo, baƙi ba su yanke wa wannan yanki ba: ma'aikatan lafiya, direbobi, masu sayen zinariya. Kun ba su ruwa da wurin kwana. Allah ya saka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne allon nan da kuke kafawa a bayan kanta, yana kallon ƙofar shiga, kowane makulli rataye da lambar ɗakinsa. Ku kuna ganin tsari ne. To duk wanda ya shigo da sunan cajin waya ko neman ruwan sha ya gama karanta gidan kafin ya zauna. Makullin da ke rataye, mai ɗakin ya fita, kayansa na ciki. Ƙusar da ba komai a kanta, mutum na kwance a ɗaki. Sannan yaron kanta ya ɗaga murya, tsakar gida cike da jama'a: "Alhaji mai lamba bakwai, ga makullinka!" Haba! A ƙasar da kowa ya san ɓarnar infoma, inda ake ɗauke mutum saboda wani ya faɗi inda ya kwana? Baƙon da ya fito daga wajen haƙar zinariya da ɗan ƙunshinsa a aljihu, kun sanar da kowa ɗakinsa, kuma ko sisi ba a biya ku ba.

Iyayenmu a wannan sana'a ba haka suka bar mana ita ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, har Salaga, wurin fatoma suke sauka a zango. Shi ke ajiye kayansu da kuɗinsu, shi ke tsaya masu a ciniki. Bature Abner Cohen, da ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna a littafinsa na 1969 yadda cinikin shanu da goro ya rataya kan masu gida Hausawa, waɗanda ake ba da bashi saboda amincinsu kawai. Mutumin da jarinsa ke nan ba zai faɗa wa na waje abin da baƙonsa ya zo da shi ba. Mu ma da muka tashi, wanda ya koya mana aiki a jikinsa yake ɗaure makullai, ba ya miƙa wa kowa sai ya dubi fuskarsa. Yau sai mutum ya zo ya ce "ƙanena ne, ya aiko ni in ɗauko masa jaka," a miƙa masa, ba waya, ba tambaya. Raina yana ɓaci in na tuna.

Akwai kuma makullin da ya ɓata. Baƙo ya tafi da shi, sai ku ɗauki na ajiya ku kai kasuwa a yanko wani, kwadon yana nan yadda yake. Wancan na farkon fa, yana aljihun wa? Ba ku sani ba, amma gobe za ku kwantar da matar wani a ɗakin. Kuɗin kwana ɗaya ya isa sayen sabon kwado. Wanda ya ƙi sauyawa, rowa ce da ran mutane, ba ni da wani suna da zan ba ta.

Na san wasunku sun ga ƙofofin kati a otal-otal na Abuja da Kano, suna ganin nan maganin yake. Katin yana da amfani: in ya ɓata, a soke shi a kwamfuta, kuma ƙofar tana riƙe lissafin katin da ya buɗe ta. Amma a 2012, a Amurka, wani matashi mai suna Cody Brocious ya nuna yadda ake buɗe makullan kamfanin Onity, da ke jikin miliyoyin ɗakuna, da 'yar na'ura mai araha. Ku bar ma wannan. In yaron da ke kiran lamba da ƙarfi shi ne zai rubuta ta a jikin katin da biro, in katin da ke buɗe kowane ɗaki zai kwana a aljihun mai shara, allon nan ne dai kuka sake kafawa da tsada.

Ku yi haƙuri in na yi zafi, ƙauna ce ta kawo shi. Ku cire allon, makullai su koma akwati mai kwado a ƙarƙashin kanta. Lambar ɗaki a nuna wa baƙo a takarda, baki ya yi shiru. Babban makulli kuwa mutum ɗaya ya riƙe, wanda ya karɓa ya sa hannu a rajista da lokaci, a ƙirga duka a gaban mai gadi duk sa'ad da aka sauya aiki. Ku kai wa iyayen gidanku wannan takarda su karanta, domin kuɗin akwatin da na sabon kwado daga aljihunsu zai fito.

Wassalam.
Naku, wani dattijo a sana'ar.